Jeren Malama Mansura

Akwai rowar da mai ita yake kira tattali, kuma ita ce mafi muni, domin mai yin ta gani yake lada yake samu. A damƙa wa mutum abu don wasu su amfana, sai ya rufe, ya ɗaure mukulli a bakin zane, yana yabon kansa wai ya iya adana. Cutar da ta kama Malama Mansura ke nan, ga kuma inda ta kai ta.

Malama Mansura 'yar cikin birnin Kano ce, aure ya kawo ta Fatakwal. Mijinta Usaini yana da rumfar albasa a Kasuwar Creek Road, ita kuma tana koyarwa a makarantar da 'yan Arewa suka haɗa hannu suka gina a bayan tashar Rumuokoro. Ajin ƙananan yara aka ba ta, waɗanda ba su gama rabuwa da majina ba. Ba za a ce mata raguwa ba. Kafin kowa ya zo ta zo, ajinta kullum a share, yaranta a jere kamar an auna. Sai dai ta tashi ne a gidan da uwa ke jera kwanuka tun daga ƙasa har rufin ɗaki, a goge su duk Juma'a, amma ba a taɓa zuba tuwo cikin ko ɗaya ba. Don haka a wurinta abu mai kyau na kallo ne. Na aiki shi ne wanda ya riga ya lotse.

Wata rana a farkon shekarar karatu sai ga Alhaji Yero Dogara, shugaban dillalan shanu, da manyan kwalaye a bayan mota. Tsoho ne da bai taɓa zama a benci ba, har yau babban yatsa yake dangwalawa idan an ce ya sa hannu, kuma abin yana masa ciwo a rai. Jikarsa Ihsan tana ajin Malama Mansura. Da kansa ya shiga kasuwar Anaca ya sa aka zaɓo masa kayan koyar da yara: 'yan katakai masu haruffa, katunan hotunan dabbobi da 'ya'yan itatuwa, manyan takardun bango, hotunan da ake wargazawa a sake haɗawa, yumɓu mai launi, fensiran kala, da abin ƙirga mai ƙwallaye a jikin waya. Har da kabad mai ƙofar gilashi ya sa kafinta ya yi.

"Malama, ga su nan a hannunki," in ji shi. "Na yaran nan ne."

Ta durƙusa har ƙasa ta yi godiya. Ranar ma hedimasta, Malam Haidar Auta, ya ja ta gefe ya gaya mata cewa ƙungiyar dillalan shanu za ta ƙara ɗakuna don ƙananan yara, kuma idan an gama ita ake so ta zama shugabar sashen. A ranar rufe makaranta kwamitin makarantar zai tabbatar. Tun daga lokacin babu abin da ya zauna mata a rai kamar wannan kujera.

To, sai ta yi abin da ta gada. Ta sa aka jingina kabad ɗin da bangon baya, wanda lambatu ke bi ta bayansa. Ta jera kayan cikin kwalayensu, ko ledar jikinsu ba ta yage ba, masu kyan hoto a gaba, sauran a cusa a baya. Ta ja baya ta kalla, zuciyarta ta yi fari. Ta kulle.

Karatu kuwa ya ci gaba yadda aka saba. Ta rubuta a allo, ta nuna da sanda, ta faɗa su amsa, ta sake faɗa su sake amsawa, har muryoyinsu su dushe. Idan yaro ya lallaɓa ya manna hanci a gilashi yana kallon hoton giwa, sai ka ji ta:

"Kai! Sauke hannunka! Ka san daga ina aka kawo su?"

A ajin da ke kusa akwai Malama Zakiyya, haifaffiyar Fatakwal, wadda Hausarta ke tafe da Turancin kasuwa a goye. Ita ba a ba ta komai ba, saboda haka ajinta ya zama kamar bola mai tsari. Marafan kwalba cike da bokiti, yara na ƙirga su suna ware ja da kore. Tsohon faranti da yashi a ciki, yaro ya rubuta harafi da yatsa, idan ya karkace ya share ya sake. Haruffan da ta yanka daga kwalin taliya ta manna musu yashi, don hannu ya ji siffarsu kafin ido ya haddace. Ɓawon katantanwa da take tsintowa a bakin ruwa. Rabin kayan sun karye, wasu an tauna.

Wata rana ta leƙo.

"Yaya Mansura, don Allah ara mini katunan dabbobin nan na yau kawai. Na yi ta zana raƙumi yara suna ce mini akuya ce mai ƙari."

"In ba ki su, ki ba waɗannan 'yan ta'addan naki? Su dawo mini da kunnen zomo a cinye?"

"To ai ko naki yaran ki bar su su taɓa. Kuma wallahi ki riƙa buɗe shi yana shan iska. Nan fa ba Kano ba ne. Takalmin mijina mun rufe a akwati, da muka buɗe har gemu ya yi."

Malama Mansura ta yi dariya. "Ke dai 'yar Fatakwal, ba a koya muku ajiya ba. Kwanukan auren kakata suna nan har yau kamar jiya aka sayo."

"Kwano ne ai," in ji Zakiyya, ta koma ajinta.

Aka shiga damina. Wanda bai zauna a garin nan ba bai san ruwa ba. A Arewa a yi ruwa a ɗauke, rana ta fito ta busar da komai. A nan kuwa sai a wuni a kwana ana yayyafi, wanki ya ƙi bushewa, gishiri ya narke a gwangwani, bango ya riƙa gumi kamar mai zazzaɓi. Kabad yana nan a rufe. Kullum da safe tana goge gilashinsa da tsumma, kwalayen gaba suna mata murmushi.

Ana saura 'yan kwanaki a rufe makaranta hedimasta ya shigo da fara'arsa.

"Malama, albishirinki. Alhaji Yero ya ce ranar rufe makaranta ba zai tsaya a wajen jawabi ba. Ajinki zai shigo da mutanen ƙungiya, su zauna su ga yadda yara ke aiki da kayan nan. Wai yana son ya ga Ihsan ta haɗa sunanta da katakai. Daga nan sai maganar kujerarki."

Ta ce, "Allah ya kai mu," idonta yana kan kabad.

Yara ba su taɓa riƙe katako ɗaya ba. Ta tsaya tana lissafi a zuci: idan ta fito da kayan gobe, ta zaɓi masu kaifin kai, ta yi ta maimaita musu, wataƙila a rufa asiri. Da aka tashi ta jira kowa ya watse, ta rufe ƙofa, ta kwance mukulli.

Ƙofar kabad ta ƙi buɗuwa, katakon ya kumbura. Ta ja, ta sake ja, ta sa ƙafa ta dafe. Da ta ɓalle sai wani wari ya bugi fuskarta, irin warin rijiyar da aka daɗe da bari. Kyankyasai suka watse ta kowane gefe.

Ta ɗaga kwalin farko, sai gindinsa ya zauna a wurin, saman kawai ya biyo hannunta. Katunan hotuna sun manne da juna sun zama dunƙule guda, kore da baƙi. Ta yi ƙoƙarin ɓamɓare ɗaya, fuskar zaki ta tafi a bayan hoton ayaba. Takardun bango da ta naɗe, fumfuna ta yi musu fure. Wayoyin abin ƙirga sun yi tsatsa har ƙwallayen ba sa motsi. Ta ce to katakai dai ai katakai ne. Ta miƙa hannu can baya, sai ta ji ƙasa. Gara ta huda bayan kabad daga bango, ta gina hanyoyinta, ta shiga kwalin haruffa. Ta ɗauki ɗaya, fentinsa lafiya lau, ta ɗan matsa, ya ruguje a tafinta kamar ƙosai.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na shiga uku."

Ta zauna a kan 'yar kujerar yara. Ruwa yana ta buga kwanon rufi.

Abin da ya kamata ta yi a fili yake: ta tashi ta sami hedimasta ta faɗi gaskiya. Da an yi faɗa, da an wuce. Amma wanda ya saba da gyara gaba ya bar baya, ko a cikin masifa gaban yake fara dubawa. Ta kwashe abin da take ganin zai ceto ta cusa a buhu, ta hau babur ɗin okada, ruwa na dukanta har gida.

Ta shanya a tsakar gida, babu rana. Ta shanya a ɗaki, ɗakin ya ɗauki wari har Usaini ya tambaya ko ɓera ne ya mutu. Ta ce littattafan makaranta ne suka jiƙe. Da wuta ta zo ta jona dutsen guga ta ɗora a kan katunan, suka yi tururi, suka nannaɗe, kalar ta bi dutsen. Ta yi tunanin Anaca, amma ba ta san shagon ba, ba ta san hanyar kasuwar ba, kuma me za ta ce wa mijinta? Abinci ya daina shiga. A aji sai ta rubuta harafi ta manta wanda ke biye. Ko wayarta ce ta yi ƙara sai ta ɗauka Alhaji ne.

Ana gobe taro Zakiyya ta same ta durƙushe gaban kabad tana share ƙasar gara da tsintsiya. Ta duba, ta riƙe baki.

"Chineke! Yaya, me zan gani haka?"

"Rufe ƙofar! Kuma idan na ji maganar nan a bakin wani, ban yafe ba."

"Ni ba zan faɗa ba. Amma ke ki faɗa. Ki je wurin Baba Alhaji yau ɗin nan, kafin ya tara mutane. Tsohon nan yana da sauƙi idan ba a yi masa ƙarya ba. Ni kuma in kawo miki marafaina da farantin yashi. Yara ba sa buƙatar a koya musu wasa, kina zubawa za su kama."

"Marafan kwalba? Mutum ya je har Anaca, ya zo in shimfiɗa masa shara a gaban manyan mutane?"

"To me za ki shimfiɗa masa?"

Dabara ta riga ta zo wa Malama Mansura, irin dabarar da ke zuwa wa mai tsoro. Fuskokin kwalayen gaba ba su lalace sosai ba, leda ta kare su. Ta goge su, ta cusa musu tsumma da tsohuwar jarida don su tsaya, ta jera su yadda suke a da, ta tura ɓarnar baya, ta danna ƙofa da kafaɗa ta kulle. Ta fesa turaren ɗaki. Shirinta shi ne ta cika baƙi da waƙa da karatun baki har lokaci ya ƙure, ta ce yara sun gaji. Idan an ba ta kujera, a hutu sai ta san yadda za ta yi.

Washegari ruwa ya ɗan tsagaita. Alhaji Yero ya shigo da babbar riga, mutanen ƙungiya a bayansa, hedimasta yana ta jawo kujeru. Ta durƙusa.

"Barka da zuwa, Baba Alhaji. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Malama. Yaya yaran? Yaya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara," ta ce, tana kauce wa kallon kabad.

Ta ɗaga sanda. Yara suka miƙe suka rera haruffa daga farko har ƙarshe, suka rera ƙirga, suka yi waƙar gaisuwa da ta sassan jiki. Aka tafa. Ta sa suka sake. Aka tafa kaɗan. Da ta ɗaga sanda karo na uku sai Alhaji ya ɗaga hannu.

"Madalla, Malama, baki ya iya. Saura hannu. Ihsan, zo nan, matar. Me na ce za ki nuna mini yau?"

Yarinyar ta zo ta jingina da gwiwarsa. "Sunana."

"To je ki ɗauko katakan."

Ihsan ta dubi kabad, ta dubi malamarta, ta noƙe kafaɗa.

"Je ki mana. Ko kin manta inda suke?"

"Anti no dey gree, ba ta barinmu," ta ce a hankali. "Ta ce idan mun taɓa gilashi za ta zane mu."

Wani mahauci a baya ya yi dariya, yana ɗauka shirmen yara ne. Alhaji bai yi ba.

"Ba ki taɓa riƙe su ba? Ko sau ɗaya?"

Ta girgiza kai. Ya dubi sauran yaran. "Ku fa? Wa ya taɓa wasa da kayan can?" Babu hannun da ya tashi. Wani yaro ya ce shi dai ya san akwai giwa a ciki.

"Ranka ya daɗe, ina lallaɓa su ne," in ji Malama Mansura. "Yaran yanzu ɓarna gare su. Na ce sai sun ƙara hankali..."

"To yau sun yi hankali. Buɗe."

"Mukullin... ina jin na baro shi a gida."

"Ga shi nan a bakin mayafinki, Malama," in ji hedimasta, yana ganin taimakonta ya yi.

Ta taka zuwa kabad, ta kwance mukulli. Ta sa ta murɗa, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Wani matashi cikin dillalai ya taso ya ce, "Kawo in taimaka, Malama," ya fizga da ƙarfin mai kayar da bijimin sa. Ƙofa ta buɗe, katakon da gara ta cinye ya karye, komai ya zubo ƙasa gaba ɗaya: kwalaye, tsumma, jarida, dunƙulen katuna, garin katako, da gara fari fat tana ta motsi. Warin ya danne turaren. Yara suka yi ihu suka hau benci, wasu na murna sun ga kyankyaso.

Alhaji Yero ya tashi da ƙyar, ya tako, ya sa sandarsa ya tona tarin. Ya sunkuya ya ɗauki wani kwali mai hoton haruffa, ya leƙa cikinsa, ya zaro tsumman da aka cusa. Ya daɗe yana kallon tsumman.

"Wannan ba gara ce ta sa shi ba," ya ce.

"Baba, don girman Allah ka yi haƙuri. Wallahi ko ɗaya ban ɗauka ba, ko ɗaya ban sayar ba. Adanawa na yi."

"Na sani. Da sayarwa kika yi, da wani yaro a wani wuri yana wasa da su." Ya yar da kwalin. "Da na zo na tarar yara sun karya su, sun tauna, sun zubar da rabi a lambatu, wallahi da na koma Anaca da farin ciki na ƙaro. Ni ban yi karatu ba, Malama, amma na san ba don gilashi na saya ba. Kuma da kin zo kin gaya mini, da ni da ke ne kawai. Sai kika bari na tara mutane, kika tsaya kina sa yara suna mana waƙa."

Ya kama hannun jikarsa ya fita. Mutanensa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya yi mata sallama.

Kwamiti bai daɗe a zaune ba. Ga abin da ajiyar Malama Mansura ta jawo, sai a ƙirga. Kayan koyarwa kwali-kwali, ba a tsira da komai ba sai 'yan fensiran kala. Kabad ɗin kansa fitar da shi aka yi aka ƙone a bayan makaranta, don kada gara ta kama rufi. Kujerar shugabar sashe da ta shekara tana mafarki, aka ba wata malama da aka ɗauko daga Enugu. Ajin ƙananan yara ma aka karɓe, aka mai da ita mataimakiya a aji huɗu, tana tattara littattafai tana goge allo. Iyayen da a da suke roƙon a sa 'ya'yansu a ajinta suka daina. Yaran kuma, aji guda cur, suka shiga firamare suna rera haruffa tiryan-tiryan, amma idan ka nuna musu ɗaya a tsakiya ka ce mene ne wannan, sai su koma farko su fara waƙa.